In Ɓera da Sata, Daddawa Ma da Wari

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, wadda ya kamata mu faɗa wa junanmu gaskiya a kanta ko da za ta yi ɗaci. Duk sa'ad da ɗan aiken nan na na'ura, watau ƙirƙirarriyar basirar da ake ba ta saƙo ta je ta zartar da kanta, ya tafka kuskure, sai mu yi masa caa, mu ce ai dama na'ura ba ta da hankali. To, mun ji. Amma wa ya rubuta masa bayanin kayan aikin da ya ɗauka? Mu ne.

Bari mu warware wa wanda bai sani ba. Ɗan aiken nan ba ya ganin cikin manhajar da muka kwana muna haɗawa. Abin da ake miƙa masa bai wuce sunan kayan aikin ba, da 'yan jimloli masu faɗin amfaninsa, da guraben da zai cike. Da wannan kaɗai zai yanke shawarar ɗauka ko bari, da abin da zai zuba a kowane gurbi. Haka tsarin yake a abin da kamfanin OpenAI ya fitar a watan Yuni na 2023, haka kuma yake a ƙa'idar MCP ta kamfanin Anthropic, wadda ta fito a watan Nuwamba na 2024. Ashe ke nan 'yan jimlolin nan da muke rubutawa a gurguje, ana saura minti biyar a miƙa aiki, su ne idon ɗan aiken, su ne kunnensa.

Mu ɗauki misali a gida. A ce wani mai shagon yadi a Sabon Titin Mandawari ya sa ɗayanmu ya haɗa masa ɗan aike mai tura wa masu saye takardar biya ta hanyar Paystack. Kowa ya karanta ƙa'idar wannan kamfani ya san da kwabo yake ƙidaya, ba da naira ba, sun kuwa rubuta haka ɓaro-ɓaro. Namu gwanin kuma sai ya rubuta a bayaninsa "adadin kuɗi", ya ja bakinsa ya yi shiru. Mai shago ya ce a karɓo masa naira 50,000. Ɗan aike ya zuba 50000 a gurbi, mai saye ya biya naira 500 ya kwashi shaddarsa ya yi gaba. Naira 49,500 ta salwanta saboda kalma guda da aka yi ƙyuyar rubutawa. Shin a gaban wane alƙali ne za a ce laifin na'ura ne ita kaɗai?

Ku kuma ma'aikatan ofis, kada ku zaci tsiyar ta tsaya a kasuwa. In an rubuta 3/4, a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris ne, kuma hutun wani ko ƙarin girmansa na iya rataya a kan wannan. In akwai kayan aiki biyu, ɗaya "nemo ma'aikaci" ɗaya "binciko ma'aikaci", ba a ce ga bambancinsu ba, sai dai ɗan aike ya yi canki-canka. In an ce "cire suna", ba a faɗa ko ana iya mayarwa ba, wa zai biya wanda albashinsa ya tsaya?

Za a ce mana na'urorin kullum ƙara wayo suke, nan gaba za su gane da kansu. Wannan magana ce ta malalaci. Ko yaron da ya fi kowa basira a unguwa aka aika awo, ba a gaya masa da wane mudu ba, bai san gaibu ba. Shi yaron ma ya fi, domin zai dawo ya tambaya, ita kuwa na'ura sau da yawa sai ta ƙiyasta ta wuce abinta.

Akwai wadda ta fi wannan muni. A watan Afrilu na 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs suka nuna cewa mugu na iya cusa umarni a ɓoye cikin bayanin kayan aiki, ɗan aike ya karanta ya bi, ya kwashi asirin mai na'ura ya miƙa waje, alhali mai ita bai ga komai ba. Mu kuwa muna nan muna kwaso kayan aikin mutane daga intanet muna jonawa, ko layi ɗaya na bayaninsu ba mu duba ba.

Saboda haka muke cewa a riƙa auna bayani kamar yadda ake auna manhaja. Ma'aunin ba tsawo ba ne, ba kuma Turanci mai walƙiya ba. A ɗauki bayanin a miƙa wa wanda bai taɓa ganin manhajar ba, a tambaye shi yaushe zai yi amfani da wannan, yaushe zai ƙyale shi, me zai zuba, da wane ma'auni, me zai dawo masa. Duk inda ya yi inda-inda, nan ɓarakar take. Sa'an nan a ba ɗan aiken saƙonni iri-iri, har da masu harshen damo irin na mutanenmu, a ƙirga sau nawa ya ɗauki abin da bai dace ba, a gyara jimlar, a sake ƙirgawa.

Abin kunyar shi ne a birnin Kano muke wannan sakaci. Littafin tarihin Kano ya ambaci Mandawali, wanda ake danganta sunan Mandawari da shi, cikin malaman Wangarawa da suka zo zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Har yau a zaurukan cikin gari malami kan tsayar da almajiri a kan kalma ɗaya, ba zai bar shi ya wuce ba sai ya san me take nufi da me ba ta nufi. Jikokin waɗannan almajirai ne yau suke ganin rubuta jimla uku masu ma'ana ƙasƙanci ne ga injiniya.

Muna kira ga malamanmu na sashen kwamfuta da su ware maki na musamman ga bayanin kayan aiki a aikin kammala digiri, su kuma gayyato na sashen harsuna su zauna a teburin jarrabawar. Ofisoshin gwamnati kuma kada su sa hannu a takardar biyan ɗan kwangila sai wani ma'aikacinsu ya karanta kowane bayani da idonsa, ya gwada shi a gaban shaidu.