Hutu a tsibiran Zanzibar: Kada Bakano ya tsaya a bakin ruwa kawai

A da, idan mai hali a Kano ya ce zai fita waje ya huta, ba sai an tambayi inda ya nufa ba: ko Umara, ko Dubai, ko Alƙahira. Yanzu an samu ƙari. Duk mai leƙa Instagram da TikTok ya saba ganin ango da amarya tsaye a kan farin rairayi, shuɗin ruwa a bayansu, an rubuta Maldibs ko Zanzibar a ƙasan hoton. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye ma sun gano kasuwar, suna tallar kwana biyar a tsibiri kamar yadda suke tallar kujerar Umara.

Akwai masu ganin wannan almubazzaranci ne a lokacin da magidanta ke fama da cefane. Damuwarsu tana da tushe, amma wanda ya nemi halaliyarsa, ya sauke haƙƙin iyali da na makusanta, babu mai hana shi ganin duniya. Babbar asarar ita ce mutum ya zuba miliyoyin naira, ya tsallake nahiya guda, ya dawo ba shi da komai sai hoto. In dai za a kashe kuɗin, Zanzibar ce ta fi cancanta ga mutumin Kano, kuma dalilin yana cikin tsohon garinta.

Hulɗar ta girmi jirgin sama

Mutane da yawa ba su san cewa Kasuwar Kurmi ta yi shekaru sama da ɗari tana ciniki da abin da ake tsintowa a gaɓar waɗannan tsibirai ba. Wurin da kakanni suka yi saye da sayarwa da shi, ƙwanson wata ƙaramar halitta ce ta Tekun Indiya, kuma Maldibs ce babbar mahaifarsa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa wuri ya shigo ƙasar Hausa ne a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731.

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canja dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. A daidai wannan zamani ne 'yan kasuwar Jamus suka fara lodin wurin Zanzibar, wanda ya fi arha, suna saukewa a gaɓar Legas. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta faɗi, farashin kaya ya tashi har zuwa cikin ƙasar Hausa. Ke nan tun kafin a san naira, abin da ke faruwa a gaɓar Zanzibar yana taɓa aljihun Bakano. Har gobe idan aka ce wane ba shi da ko wuri, sunan kuɗin tsibiran nan ake kira.

Kanumfarin da ake sa wa a zoɓo da kunu da yaji ma yana da nasa labarin. Bayan da Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajejen 1840, ya cika tsibiran da gonakin kanumfari, har suka zama kan gaba a duniya. Tsibirin Pemba na noma shi da yawa har yau.

Tsakanin Maldibs da Zanzibar

Maldibs ta fi suna a hotuna, kuma shigarta ta fi sauƙi, domin a filin jirgi ake buga bizar kwana 30. Ƙasar Musulmi ce mai tsibirai kusan 1,200. Sai dai tsarin yawon buɗe idonta shi ne otal guda a tsibiri guda. Baƙo na iya sauka a Male, a ɗauke shi a kwalekwale mai inji, ya yi mako cur bai shiga kasuwa ba, bai gaisa da kowa ba sai ma'aikatan otal. Hutu ne mai kyau ga jiki, amma mutum zai dawo bai san ƙasar da ya je ba.

Seshel kuwa ta tsaurara shigar masu fasfon Najeriya a 2023, don haka mai son zuwa can sai ya yi bincike sosai kafin ya biya kowa.

Zanzibar daban take. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, da wasu ƙanana, kuma yawan jama'arta ya kusa miliyan 1.9 a ƙidayar 2022. Kusan dukkansu Musulmi ne. Tun 1964 ta haɗe da Tanganyika aka samar da Tanzaniya, amma tana da shugabanta da majalisarta. Mutum zai samu rairayin da yake nema a Nungwi ko Kendwa ko Paje, kuma cikin sa'a ɗaya ko biyu a mota ya koma cikin gari mai rai, mai kiran salla da hayaniyar kasuwa.

Garin da ya yi kama da gida

Tsohon garin shi ne wanda Turawa ke kira Stone Town, mutanen wurin kuma Mji Mkongwe, wato tsohon gari, kusan yadda Kanawa ke cewa cikin birni. Wanda ya tashi a Yakasai ko Zangon Barebari ko Alfindiki ba zai yi baƙunta a can ba. Lungunan sun matse har mota ba ta shiga. A ƙofar gidaje akwai dakali, su suna kiransa baraza, inda dattawa ke zama da hula da farar riga suna shan gahawa bayan la'asar. Yara na fitowa daga makarantar allo. Kunne ma zai riƙa tsintar kalmomin da ya sani a bakin masu Suwahili, irin su dunia da sukari da Alhamisi, domin harsunan biyu sun sha daga rijiyar Larabci.

Akwai ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, akwai Kasuwar Darajani mai kifi da kayan yaji, akwai lambun Forodhani inda ake gasa kifi da matse ruwan rake da daddare. A kudancin tsibirin, masallacin Kizimkazi na ɗauke da rubutun da ke nuna shekarar 1107, wato zamanin da Sarki Gijimasu ke kan gadon sarautar Kano, shi da aka ce ya fara gina ganuwa.

Ba su ɓoye mummunan tarihinsu ba. An rufe kasuwar bayi ta garin a 1873, aka gina majami'a a wurin, kuma yau akwai ɗakin tarihi da ke bayyana abin da ya faru. Kano ma ta san irin wannan ciniki, sai dai ba kasafai ake nuna wa baƙo ko ɗalibi inda aka yi shi ba.

Lissafi kafin ɗaukar jaka

Tafiyar na buƙatar shiri. Masu fasfon Najeriya na cikin waɗanda Tanzaniya ke buƙatar su nemi biza tun daga gida, kuma amsa kan ɗauki makonni, don haka kuskure ne a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Daga 1 ga Oktoban 2024 kowane baƙo sai ya biya dala 44 na inshorar gwamnatin Zanzibar. Ana kuma neman katin rigakafin cutar shawara.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano ana iya bi ta Adis Ababa a sauka Zanzibar kai tsaye. Wanda ya bi ta Darussalam zai hau jirgin ruwa na kimanin sa'a biyu. Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, lokacin da ya fi daɗi kuwa Yuni zuwa Oktoba. A gaɓar gabas ruwa kan ja baya mai nisa idan igiya ta sauka, mai son wanka a kowane lokaci sai ya nufi arewa. Tun da aka saki naira a 2023 ta haura 1,500 a kan dala a shekarar da ta biyo baya, duk wani lissafi sai an yi shi da dala, kuma a bar rara. Hutun da aka ci bashi don a yi shi, ciwon kai ne ake sayowa.

Ba aljannar duniya ba ce

Baƙi sama da 600,000 ne suka shiga Zanzibar a 2023, amma yawancin manyan otal-otal na 'yan waje ne, kuma ƙauyuka da dama da ke maƙwabtaka da su na fama da ƙarancin ruwan sha. A bakin teku akwai giya da shigar da mai iyali zai so ya kauce mata, saboda haka zaɓen masauki na da muhimmanci. Adana tarihin ma bai kammalu ba: a ranar 25 ga Disamban 2020 wani sashe na Baitul Aja'ib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, ya rushe. Baƙon da ya kwana a ƙaramin masaukin 'yan gari, ya ci a gidan abincinsu, ya ɗauki ɗan jagora daga cikinsu, shi ne kuɗinsa ke isa hannun talaka.

Tsarabar da ta fi hoto

UNESCO ta sanya tsohon garin Zanzibar cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Ba sa'a ce ta kawo haka ba. Tun shekarun 1980 aka kafa hukuma guda mai kula da garin, wadda sai da izininta ake rushewa ko sauya gini. Mai tsohon gida ya gane cewa ƙofar kakansa na iya ciyar da shi, don haka ya daina ganin ta a matsayin tarkace.

Ganuwar Kano kuwa tana jerin jiran UNESCO tun 2007, ana jira ana yanka badala ana fitar da filaye. An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta shi da 1498, ramuka kaɗan ne suka rage ana rini a cikinsu. Alhali kayan da Kano ke da su ba su gaza ba: Dutsen Dala, Gidan Makama, Gidan Rumfa, Kurmi, ga hawan salla da UNESCO ta amince da shi a Disamban 2024.

Kano ba ta da teku, kuma matsalar tsaro a Arewa na hana baƙi zuwa. Amma tsaro na iya gyaruwa, badalar da aka kwashe kuwa ba ta dawowa. Masu halin zuwa Zanzibar su ne 'yan kasuwa da 'yan siyasa da manyan ma'aikata, wato waɗanda ke sayen filayen, da waɗanda ke sa hannu a takardunsu. Idan irinsu suka ware kwana biyu daga cikin biyar suka taka lungunan Mji Mkongwe da ƙafa, suka tambayi yadda aka hana rushe su, za su dawo suna kallon Ƙofar Mazugal da lungunan Dala da wani ido. Gani ya kori ji, kuma wannan ganin kaɗai ya isa ya biya kuɗin jirgi.