Tsoro Ba Ladabi Ba Ne

Akwai wata alfarma da magidanta su ke yi a ƙasar Gwarzo da Kabo, in an zauna hira a ƙofar gida bayan la'asar. Sai ka ji mutum ya ce, "Ai ni ɗana ko tari ba ya yi in ina gida." Jama'a su gyaɗa kai, su ce lalle wane ya iya tarbiyya. Alhali kuwa wane bai koya wa ɗansa kome ba sai tsoro, ya ɗauki tsoron ya sa masa suna ladabi.

A dubi irin wannan yaro in an aike shi kasuwa. An ce ya sayo man gyaɗa wurin wance, ya je ya tarar wance ba ta fito ba, ga wata kuwa kusa da ita da mai irin wannan. Sai ya tsaya yana zufa, ya rasa ta yi, domin tun da aka haife shi ba a taɓa barinsa ya yanke shawara ko ta ƙwayar gero ba. Ya komo da kwalba wofi, a ce masa wawa, a kai masa mari. Da ya sayo ɗin ma da ya sha marin, don ba a ce ya saya can ba. To, yaron da kowace hanya ta ke kai shi ga mari, me zai koya in ba fargaba ba? Shi ne za a ga ciki na murɗa masa kowace safiya in za shi makaranta, ya san amsa amma harshe ya ƙi motsi gaban malami, ya riƙa razana cikin barci. Sa'an nan uwa ta ce iska ce, a shiga neman rubutu da turare, alhali iskar tana zaune a zaure da carbi a hannu.

Masu wannan hali ba su rasa hujja. Su kan ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, su kan ce ka ƙi naka duniya ta so shi. Ba wanda ya ce a bar yaro sakaka. Amma tsawatarwa a kan laifi dabam, tsare wa yaro numfashi dabam. Anas ɗan Maliku ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10 tun yana yaro, ya kuwa ba da labari ba a taɓa yi masa tsawa don abin da ya yi ko abin da ya bari ba. Ibn Haldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya keɓe fasali guda cikin Muƙaddima a kan ɓarnar tsananta wa masu koyo, ya nuna tsanani na kashe wa yaro zuciya, ya koya masa ƙarya da munafunci don gudun bulala. Wanda ya ce wannan magana ta Turawa ce, sai ya fara gardama da waɗannan tukuna.

Masana na zamani kuwa sun auna abin da ma'auni. A 2007 wasu uku a Amurka, McLeod da Wood da Weisz, suka tattara bincike 47 da aka yi a kan iyaye da fargabar yara. Suka ga takura wa yaro ta fi nuna masa halin ko-in-kula dangantaka da fargaba. Gaskiya ita ce sun ga tarbiyya duka-duka kashi 4 cikin 100 kaɗai ta ke bayyanawa na bambancin da ke tsakanin yara, watau wani yaron da tsoronsa a ke haihuwarsa. Amma da suka ware abu guda, ko a kan bar yaro ya yi wa kansa dabara ko ba a bari, sai rabon ya tashi zuwa 18. Abin kuma zagaye ya ke yi: yaro mai tsoro ya kan sa uba ya ƙara tsare shi, tsarewar kuma ta ƙara masa tsoro.

Abin takaici, kakannin mutanen Getso da Garo sun san maganin tun ba a buga littafi ba. Ga gandu, inda kowa ke noma ƙarƙashin maigida, amma ga gayauna, 'yar gonar da a ke yanka wa saurayi ta zama tasa. Shi zai zaɓi abin da zai shuka, ko gyaɗa ko rogo, ya yi aikinta da yamma bayan an tashi daga gandu. In ya yi sakaci ciyawa ta cinye, asararsa ce, ita ce kuma malaminsa, ba sai an zage shi ba. In ta yi kyau kuɗin nasa ne. Yarinya ma a kan ba ta 'yar akuya ko kaza da asusu ta riƙa juyawa. Dattawan nan ba sakaci su ke yi ba, sun san mai gayauna yau shi ne mai gandu gobe.

Uban da ya hana ɗansa gayauna, ko ta gona ko ta magana, shi ya zaɓa masa aboki, shi ya zaɓa masa sana'a, shi ya zaɓa masa mata, ya kan manta ba zai dawwama ba. Ran da aka kai shi makwancinsa, sai a bar ƙato mai shekara 40 da rumbu da iyali. Ruwan fari ya sauka, maƙwabta duk sun fita da sungumi, shi kuwa yana tsaye bakin gona da iri a ƙwarya, yana jiran wanda zai ce masa shuka.