Kada A Fesa Guba Cikin Ɗaki Don Ƙwaron Fure



A Yamai, masu renon itatuwa na bakin kogin Isa suna sayar da wani tsiro mai ƙaya cikin tukwane. Sunansa kaktus. Asalinsa ƙasashen Amurka ne. Yana kama da kyarana, amma ba dangi ba ne. Mutane suna ajiye shi cikin ɗaki don ado.

Wannan tsiro yana da abokin gaba: wani farin ƙwaro ƙarami mai kama da kaɗa. Yana ɓuya a gindin ƙaya da cikin saiwa, yana tsotse ruwan tsiron. Yana barin darɓa mai zaƙi, tururuwa su zo sha, su tsare shi. In kun ga tururuwa suna hawa tukunya, ku duba.

Wasu suna ɗauko fiya-fiya ko maganin wake su fesa cikin ɗaki. Mun ce wannan kuskure ne. Ɗaki wurin kwanan yara ne, nan ake ajiye fura da ruwan sha. Guba takan shiga jiki ta hanci da fata. Kuma jikin ƙwaron lulluɓe yake da kaki, sau da yawa maganin ba ya ratsa shi. Ana ganin wuyan biri, a ɗaure shi a ƙugu.

Ga abin da ya kamata a yi. A fitar da tukunya inuwa, nesa da sauran shuke-shuke. A kankare ƙwarin da tsinke da ɗan ƙyalle mai ruwan sabulu. A daka ƴaƴan bedi tafi 2, a jiƙa cikin litar ruwa 1, su kwana, a tace, a yayyafa da marece. A sake bayan kwana 7, har sau 3. In ƙwaron ya kai saiwa, a wanke ta, a sake ƙasa mai rairayi. Tsiron da ya ruɓe, a ƙone shi.

Wani zai ce wannan hanya tana da jinkiri. Gaskiya ne. Amma ƙasarmu ta san amfaninta. Cikin shekarun 1970, da wani ɗan'uwan wannan ƙwaro ya addabi dabinon Ayar, an kawo wani ƙaramin ƙwaro ɗan asalin Iran mai cinye shi, aka sake shi cikin lambuna.

Kada kuma a raina abin. A Maroko, wani irinsa ya ɓulla a 2014, ya halaka gonakin kaktus masu yawa, mutane da dabbobi suka yi asarar abinci. Saboda haka ku duba tsiro sosai kafin ku saya. Sabon tsiro ya yi mako 2 shi kaɗai kafin a haɗa shi da sauran. Abin da ya gagare ku, ku kai wa malamin gona.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya tsare mana iyali da amfanin gona, amin.