Masu cewa "a yi kamar Amurka", ku zo mu leƙa filin harbinsu tukuna



Daren Laraba muna cikin shirin kiran waya, wani matashi ya shigo layi daga wajen Madarunfa, muryarsa na rawa. An kore musu shanu, an tafi da ɗan'uwansu. Ya ce mini: "Yaya, ku ƴan radiyo sai surutu. A Amurka kowa na da ƙaramar bindigarsa ƙarƙashin riga, shi ya sa ba a taɓa su. A bar mu mu ma mu riƙe." Kafin in buɗe baki kuɗin wayarsa sun ƙare. Tun daga ranar ake turo mini bidiyoyi ta WhatsApp: Bature ya ɗaga riga, ya zaro fistole cikin ƙiftawar ido, ya ɓarke wuta. Ƙasan kowane bidiyo an rubuta "ga maza nan".

Ƙanena, ban raina ɓacin ranka ba, wallahi. Na kuma san maganar ba daga sama ta faɗo ba. Nan ƙetaren iyaka, a 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Masari, ya ce ma mutane su nemi makami su kare kansu, a watan Yuni na 2022 kuma gwamnatin Zamfara ta ce a raba takardun neman izinin bindiga. Amma tunda Amurka kunka kira shaida, to a bar shaida ya faɗi maganarsa duka. Bidiyon nan daƙiƙa goma ne. Wurin da aka ɗauke shi, filin koyon harbi, yana da dokokin da mai yanka bidiyo bai nuna muku ba.

Tun daga ƙofa ake farawa. A filaye da yawa, in ka zo da bindigarka ɗure a ƙugu, za ta zauna cikin kubenta har ka isa layin harbi. Ba ka fiddo ta a wurin ajiye mota, ba ka fiddo ta gaban kanta don abokinka ya gani ya yaba. Wasu filayen ma sai ka shigo da ita babu harsashi, rufe cikin jaka. Baƙo zai nuna katin shaida, ya sa hannu a takarda, a karanta masa dokoki. In an ji warin giya a bakinka, ka koma gida. Akwai filayen da ba su ba da hayar bindiga ga baƙon da ya zo shi kaɗai, don gudun kada ya zo ne ya kashe kansa. Sannan ba ka ƙetare ƙofar ciki sai da tabarau da abin toshe kunne, don ƙarar fistole na kaiwa wajen desibel 160, alhali daga 140 harbi guda na iya lalata ji.

Sai dokoki huɗu da kusan kowane fili ke liƙawa a bango. Wani tsohon hafsan soja, Jeff Cooper, wanda ya buɗe makarantar harbi a jihar Arizona a 1976, shi ya yaɗa su. Kowace bindiga ka ɗauke ta a matsayin mai harsashi, ko da kai ka zazzage ta da hannunka. Bakinta kada ya dubi abin da ba ka shirya halakawa ba. Yatsa ba ya taɓa kunama sai ka daidaita saiti. Kuma ka san abin da kake hari, ka san abin da ke bayansa. Ku lura, babu ko ɗaya cikin huɗun nan da ke maganar ɓarawo. Duka maganar mai bindigar suke, shi ne hatsarin farko da ake tsaro.

A layin harbi akwai jami'in kula da fili, kuma maganarsa ita ce ta ƙarshe. Ko kai janar ne, in ya ce ajiye, ka ajiye. Kowa kuma na da ikon ɗaga murya ya ce a tsaida wuta, har wanda ya fara zuwa yau, in ya ga abin da bai gane ba. Da an faɗa, kowa ya cire gidan harsasai, ya buɗe bindiga yadda za a ga cikinta fayau, ya aza ta kan tebur bakinta na kallon gaba, ya ja baya da layin da aka shata a ƙasa. Muddin akwai mutum can gaba yana canza takardar saiti, ba mai taɓa komai a teburin.

To mu zo ga abin da ya burge ku, zaro bindiga daga ƙarƙashin riga. Filaye da dama sun hana shi ƙwata-ƙwata. Waɗanda sunka yarda, galibi sai ka yi darasi na musamman jami'i ya gwada ka. Dalili a fili yake: lokacin zarowa da lokacin maidawa, bakin bindiga na kusa da cinyarka, kuma gefen riga ko igiya na iya shiga wurin kunama ta tashi. Shi ya sa malaman harbi ke cewa a maida ta kube a hankali, ana kallo, babu gaggawa. Wannan fa mutanen da ke sa ƴar shat da wando ke nan. Yanzu ku auna da babbar riga ko jallabiya, mutum uku bisa moto, hanya duk rami.

Akwai sauran ladubba. Ka ja kunama ba ta tashi ba, ba ka juyo da ita ka leƙa bakinta. Ka bar ta tana kallon gaba kamar daƙiƙa 30, don wani harsashin na jinkirin tashi. Kwanson harsashi mai zafi ya faɗa maka cikin riga, ka daure ka ajiye bindiga tukuna kafin ka yi tsalle. Ba ka taɓa bindigar wani sai ya yarda. Ba ka harbin takardar maƙwabcinka. Ba a ci, ba a sha a layi, in ka gama ka share kwansunanka, ka wanke hannu da sabulu saboda darma.

Izinin yawo da ita a ɓoye ma akwai jihohin da sai an sha wuya. Illinois, wadda ita ce ta ƙarshe da ta halatta shi a 2013, tana neman awa 16 na horo da gwajin harsashi 30. A Texas mai neman takardar zai zauna aji awa 4 zuwa 6, ya harba harsashi 50 a nisan yadi 3, yadi 7 da yadi 15.

Na san wani zai ce: ai fiye da rabin jihohin yanzu ba su neman takardar, Texas kanta ta saki tun Satumba 2021. Gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Amma ko a can, da ka taka filin harbi dokar mai fili ce ke aiki, ka karya a fitar da kai. Kuma tunda gaskiya muke faɗa, mu ƙarasa ta. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, bisa lissafin hukumar lafiyarsu, fiye da rabi kansu sunka kashe. A 2014, a wani fili a Arizona, an miƙa ma yarinya ƴar shekara 9 bindiga mai sarrafa kanta, ta fi ƙarfin hannunta, harsashi ya kashe malamin da ke tsaye gefenta. Ƙasar da kuke cewa ba a taɓa kowa ke nan, da dokokinta da asibitocinta.

Ku sake duba nisan gwajin Texas. Yadi 15 bai cika mita 14 ba. Wannan makamin na faɗan kusa ne, cikin shago ko bakin mota. Waɗanda ke shigo mana ƙauyuka da dare kuwa Kalashinkof gare su, mai cin mutum daga mita 300, kuma a ayari suke zuwa. Wanda ya ce maka fistole a aljihu za ta tare su, ko bai san bindiga ba, ko yana da ta sayarwa.

"To ai ɓarayi ba su bin doka." Haka ne. Amma ɓarawon wataƙila sau ɗaya za ku haɗu, wataƙila ma ba za ku haɗu ba. Sauran kwanakin shekara da wa bindigar take kwana? Da matarka, da yaron da ke lalube ƙarƙashin katifa, da abokan fada da ke karɓar wayarka hannu zuwa hannu ana shan shayi. Tana nan ranar rabon gado, tana nan ranar da dabbobi sunka shiga gona, tana nan ranar da ɗan kabu-kabu ya goge maka mota. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mu da hular kwano ta gagare mu, mu da ake rufe gardama da "ka san ko ni wane ne", yaro zai ce a tsaida wuta Alhaji ya ajiye ya ja baya?

Mu nan mun taɓa ganin inda yawan makami ke kai ƙasa. Shi ya sa a Satumba 2000 aka tara bindigogi a Agadas aka cinna musu wuta, aka kira ta wutar zaman lafiya. Fushin mutanen Madarunfa da Gidan Runji halas ne, kuma yana da inda ya kamata a kai shi: wurin hukuma, wadda tsaron rai da dukiya ke wuyanta. A tambaye ta sintiri nawa ake yi, minti nawa ake ɗauka kafin a amsa kira, ina aka kwana kan waɗanda aka sace. Wannan tambayar zan ci gaba da yin ta a radiyo ko wa zai ji haushi.

Ƙanena na Madarunfa, in wannan rubutu ya iso gare ka, ka sake kira ranar Laraba, ni zan maido maka kiran don kada kuɗinka su ƙare. Masu turo bidiyo kuma, don Allah wanda zai sake turowa ya haɗo da hoton allon dokokin da ke bangon filin. Allah ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya ba mu lafiya da zama lafiya.