Motocin gwangwanin yaran Kebbi: Tafi ba ya juya taya

Da wuya a yi 'yan watanni ba a ga irin bidiyon nan ya karaɗe Facebook da TikTok ba. Yaro ne ɗan shekara goma sha, ya durƙusa gaban wata tifa ko gingimari da ya ƙera da gwangwanin madara da waya da tsohon silifas, ya jona wayoyi biyu a kan batir, mota ta tashi. Nan take sai addu'o'i su yi ta kwarara. Wannan ya ce Allah ya ƙara basira, wancan ya ce da a Chana aka haife shi da tuni ya zama injiniya, wani kuma ya kira sunan gwamna. In an yi sa'a wani mai hali ya aika masa 'yan kuɗi, ko a kai shi ya ɗauki hoto da wani babba. Bayan mako guda an manta da shi, motar kuma tana nan a matakin da aka gan ta.

Irin waɗannan yara ba baƙi ba ne a Birnin Kebbi da Argungu. Duk wanda ya tashi a Badariya ko Nassarawa ko Makerar Gandu ya san lokacin motar kara, bayan an yanke dawa, ya kuma san motar langa-langa mai dogon sitiyarin waya da ake turawa a tsaye. Yaran yanzu sun wuce nan. Suna bin wajen 'yan gwangwan da masu gyaran rediyo suna neman ɗan injin lantarkin nan da suke kira rota, wanda ake cirowa daga tsohuwar na'urar kallon faifai ko rediyo mai kaset. Batirin tsohuwar waya ko na cocila shi ne mansu. Wasu har sirinji biyu suke haɗawa da siririn tiyo su cika da ruwa, bayan tifa ya ɗaga ya juye yashi.

Abin da waɗannan yara suka rasa shi ne kayan haɗi masu awo ɗaya, waɗanda za a kwance a sake ɗaurawa. Gwamnatin Kebbi da manyan makarantun jihar za su iya samar da su da kuɗin da bai kai na bikin buɗe wani ofis ba, kuma ya kamata su yi.

Domin a gane muhimmancin wannan, sai a duba inda motar gwangwani ke cijewa. A kan siminti tana gudu kamar ta tashi sama. Da an sauke ta kan yashi ko laka sai ta tsaya cak, rota na kuka, taya ba ta motsi. Dalili kuwa shi ne ƙaramin injin lantarki yana juyawa sau dubbai a minti guda, amma ƙarfin murɗawarsa kaɗan ne. Maganin wannan shi ne giya. Idan faifai mai haƙora 8 ya juya mai haƙora 40, gudu zai ragu kashi biyar, ƙarfi kuma ya ninka kusan sau biyar. Idan aka jera mai 8 a kan mai 24 har hawa biyu, an sami ninki tara. Wannan lissafin ne ke sa direban gingimari ya koma giya ɗaya idan zai hau tudu da kaya.

Yaron da ba shi da faifai mai haƙora sai ya nemi dabara. Zai huda murfin kwalba ya ɗaura masa robar ɗaure kuɗi a matsayin bel. Dabarar tana aiki har zuwa lokacin da ruwa ya taɓa robar ta fara sulɓi. Sandar da ke riƙe tayoyi sifokin keke ne da aka zura cikin bututun biro, ba boris, saboda haka rabin ƙarfin batir a gogayya yake ƙarewa. Tayoyin da aka yanka da reza daga silifas ba a samun biyu masu girma ɗaya. Babbar matsalar kuma ita ce komai da gam aka liƙe shi. Idan yaro ya so ya gwada wata dabara, dole ya farfasa aikin mako biyu. Wanda duk gwajinsa sai ya ci masa mota guda ba zai yawaita gwaji ba, alhali da yawan gwaji ake zama injiniya.

A nan ne labarin LEGO ke da darasi. Wani kafinta ne mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa kamfanin a garin Billund na ƙasar Danmak a 1932, da kayan wasa na katako ya fara. A 1958 kamfanin ya yi rajistar ɗan bulon roba mai ƙusoshi a sama da ramuka a ƙasa. Tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 8 ne, kuma har yau ba a sauya ba, shi ya sa bulon da aka yi shekara sittin da suka wuce yake shiga cikin na bana. A 1977 aka fito da jerin da daga baya aka san shi da Technic, mai faifan giya da sanduna da makaran da aka huhhuda a kan wannan awo. Da waɗannan kaya ne manya da yara a ƙasashe irin su Foland ke harhaɗa manyan motoci masu inji, su fita da su daji su yi gasar hawa duwatsu da ratsa taɓo.

Su ma ba su rabu da ƙorafi ba. Kullum suna fatan a yi musu taya mafi tsawo, ko mahaɗar sanda da ba ta karyewa, ko inji mafi ƙarfi. Bambancin shi ne akwai mai sauraron su. A 2011 kamfanin ya fitar da samfurin motar Unimog mai guntaye fiye da 2,000, da wani sabon ƙarfen ƙafa na roba da ke ɗaga cikin mota sama da tsakiyar taya don kada ta daki dutse. A 2021 ya fitar da samfurin Zetros da ake iya kulle tayoyinta su juya tare, domin a mota ta yau da kullum idan taya ɗaya ta faɗa taɓo ita kaɗai ke ta juyawa a banza, ɗayar na tsaye. Har wani tsari kamfanin ke da shi wanda duk wanda ƙirarsa ta sami goyon bayan mutum 10,000 za a duba yiwuwar ƙera ta. Yaron Argungu shi ma yana da jerin abin da yake fata, sai dai ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Wannan ba kira ba ne a ba da kwangilar shigo da kwalayen LEGO. Samfurin Zetros ɗin nan kimanin dala 300 aka sa masa, wato fiye da albashin wata biyar na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. An kuma san makomar irin wannan kaya a makarantun gwamnati: a kulle a ofishin shugaban makaranta don gudun ɓata, sai ranar da baƙi za su zo. Gasar mutum-mutumin LEGO da gidauniyar Coderina ke gudanarwa a Najeriya abin yabo ce, amma yaron da ke yanka silifas a bakin kwata ba ya cikin lissafinta. Abin ɗauka daga Billund shi ne awon, roba kuwa ko'ina akwai ta.

Birnin Kebbi na da masu iya wannan aiki. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru tana da sassan injiniya, haka jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar da ke Aliero. Duk shekara ɗalibai na kashe kuɗin iyayensu a kan aikin kammala karatu, a ba su maki, a jibge abin a ɗaki ƙura ta rufe shi. Me zai hana a ba wani rukuni aikin tsara kayan haɗi na yaran Kebbi? A tsayar da kaurin sanda ɗaya da tazarar rami ɗaya. A yi faifan giya kala uku, da ƙafar taya, da makarai masu ramuka, da mazaunin da zai karɓi irin rotar da ake samu a kasuwa. Ana iya fitar da su da na'urar buga kaya ta 3D, ko a yanka su daga falankin roba da katako mara kauri. A saki zanen kyauta, yadda maƙeri ko kafinta ko mai walda zai iya yi ya sayar a kan 'yan kuɗi kaɗan. Gwangwani da silifas su ci gaba da zama jikin mota, kayan awo su zama cikinta.

Akwai masu cewa rashi ne ke haifar da dabara, idan aka ba yaro kaya a shirye za a kashe masa basira. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Wanda ya saba neman taya a bola yana da idon da ɗan gata ba shi da shi. Amma masu wannan magana ba sa hana 'ya'yansu littafi don su ƙara basira. Rashi yana koya wa yaro matakin farko, daga nan sai ya tsare shi a wurin shekara da shekaru, yana maimaita mota ɗaya da fenti daban.

Wasu kuma za su ce jihar da ke fama da yaran da ba sa zuwa makaranta, wadda ba ta manta da sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 ba, ina ta ga lokacin kayan wasa? Tsaro da ajujuwa su ne gaba, babu musu. Sai dai yaro yana zama a aji ne idan ya ga abin da ya riƙe shi. A ƙaramar sakandare ana koyar da darasin giya da bel, amma a allo ake zana su da alli, a haddace, a rubuta a jarrabawa, a manta. Akwati guda na kayan haɗi da za a riƙa bayarwa aro kamar littafin laburare zai mayar da wannan zanen abin da hannu ke taɓawa. Ya kamata kuma akwatin ya isa makarantun 'yan mata da tsangayu, domin ba a ga alamar cewa basirar hannu ta san jinsi ko irin allon da yaro ke riƙewa ba.

Batun ma ya wuce wasa. Arzikin Kebbi a fadamar Rima yake. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015, a Argungu kuma aka buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa na WACOT a 2017. Amma har yau fitar da shanshera daga cikin fadama zuwa bakin titi aikin jaki ne da amalanken shanu da babur da kwale-kwale. Injinan ban-ruwa da ƙananan injinan huɗa daga waje ake kawo su, idan wani haƙori ya karye a ciki sai a jira kaya daga Kano ko Legas. Tambayar da yaro ke yi wa motarsa a bakin kududdufi, wato yaya za ta ratsa laka da kaya ba ta maƙale ba, ita ce tambayar da manomin fadama ke yi duk kaka.

Garin ya taɓa ganin inda irin wannan sha'awa ke kaiwa. Jelani Aliyu ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya gama a 1988, lokacin garin na cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Tallafin karatu na jiha ne ya kai shi Detroit a Amurka, ya shiga kamfanin General Motors a 1994, kuma shi ya zana jikin samfurin Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC. Ana yawan kawo sunansa a matsayin shaidar cewa akwai basira a Arewa. Labarinsa shaida ne kuma cewa sai da ya tsallaka teku kafin ya sami kayan aiki. Ba kowane yaro ne zai sami tikitin jirgi ba, amma kowane yaro zai iya samun faifan giya.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne bikin kamun kifi na Argungu. Tun 1934 ake yin sa, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Biki ne da aka gina a kan gasa: su a Matan Fada, ninkaya, kamun agwagwa, tseren kwale-kwale. Yana ma da tseren motoci, wanda a 2020 aka taso da shi daga Abuja da motocin da aka harhaɗa a Najeriya. Ƙara gasar motocin yara a kai ba zai ci komai ba. A share fili mai yashi da taɓo da ɗan tudu. Kowace mota ta ɗauki mudu guda na shanshera. Wadda ta isa ƙarshe da kayanta ba tare da an taɓa ta da hannu ba ita ta ci, ko da ta fi kowa muni. A fara tankaɗe daga ƙananan hukumomi, tun daga Yauri da Zuru har Kamba. Kyautar ta zama kayan haɗi da gurbin koyo a bitar kwaleji, domin kuɗi a hannun yaro cefanen gida yake zama kafin magariba. Motar da ta yi nasara a ajiye ta a gidan tarihi na Kanta da sunan mai ita.

Sannan a ajiye teburi ɗaya da littafi a bakin filin, kowane ɗan takara ya faɗi kayan da ya fi so a yi masa kafin baɗi. Wannan littafin shi zai zama jadawalin aikin ɗaliban injiniya na shekara mai zuwa. Idan yara hamsin suka ce taya mai kama laka suke so, an san abin da za a ƙera. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da Masarautar Argungu da kwalejin Waziri Umaru sun isa su zauna su tsara wannan kafin biki na gaba, ba sai an jira Abuja ba.