Gara Ta Riga Mu Zuwa Akwatin Yaya

A makon jiya wata ɗaliba da nake duba aikinta na digiri na biyu ta shigo ofishina da takarda a hannu, fuskarta ba walwala. Nazarin da take yi shi ne yadda marubuta mata suka bayyana auren dole a littattafan soyayya na shekarun 1990. Ta jero sunayen littattafai 30, amma bayan yawon wata huɗu, 9 kawai ta samu. Ta ce, "Malam, na shiga ɗakunan karatu uku, na zaga kasuwa. Wasu shagunan da aka kwatanta mini ma kayan waya suke sayarwa yanzu." Na ce ta kwantar da hankalinta, na san inda zan samo mata.

Abin da nake taƙama da shi wani akwatin ƙarfe ne da ke ƙarƙashin gadon yayata. Ita daga aji shida na firamare aka yi mata aure, amma ban taɓa ganin mai cin littafi kamarta ba. Wanda ta iya saye ta saya, wanda ba ta iya ba ta karɓo haya, kuma ni ne ɗan aike. Kafin in isa gida na karanta rabi a hanya, sauran kuma in ɓoye cikin littafin lissafi in ƙarasa da dare. A nan na fara sanin cewa rubutu yana iya hana mutum barci.

Da na shiga jami'a sai na koyi wani abu daban, wato raina abin da ya raine ni. A lokacin ana ta muhawara a jaridu kan waɗannan littattafai da aka laƙaba wa suna "Adabin Kasuwar Kano", Ibrahim Malumfashi yana suka, Abdalla Uba Adamu yana karewa. Su malamai ne, da hujja suke magana. Mu kuwa ɗalibai sai muka ɗauki sukar muka bar hujjar, domin raini ya fi karatu sauƙi. Na tuna ranar da na tarar da Yaya tana karatu, na ce mata waɗannan ai ba adabi ba ne. Ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "To ɗan boko, rubuto mana wanda ya fi su mu karanta." Yau fiye da shekara 20 ke nan, ban rubuta ba.

Ranar Asabar na je gidanta. Muka jawo akwatin, muka buɗe, sai ƙura ta tashi. Gara ta shiga ta inda tsatsa ta ci gindin akwatin, ta yi gini a ciki. Abin da ya rage bai wuce bangaye da 'yan shafuka ba, su ma ka taɓa su marmashe. Yaya ta yi salati ta koma ta zauna. Ni kuwa kunya ce ta kama ni, domin da a ce tun da na fara koyarwa na ɗauki akwatin nan da daraja, da yanzu yana inda ya kamata.

Kada mai karatu ya zaci ina cewa duk littattafan nan gwanaye ne. Da yawansu an buga su cikin gaggawa, a takarda mai arha, da kurakuran rubutu, kuma labarin wannan kan yi kama da na wancan. Sai dai ba a taɓa yin adabin da dukkansa zinariya ne ba, kuma a cikin tarin ne ake tsintar na ƙwarai. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, wanda ya shiga gidaje birni da ƙauye. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, kuma a 2012 kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassararsa ta Turanci. Abin da muke kawar da kai daga gare shi, wasu daga nesa sun zo sun ɗauka.

Babban zargin da muka riƙa yi shi ne wai marubutan suna kwaikwayon finafinan Indiya. Amma Abubakar Imam, wanda muke alfahari da shi tun daga Ruwan Bagaja da ya fito daga gasar 1933, ai shi ma a Magana Jari Ce ya aro labarai daga Larabawa da Turawa, ya sa musu riga da hula har suka zama 'yan gida. Aro bai taɓa zama laifi a adabi ba, abin dubawa shi ne yadda aka sarrafa abin da aka aro. Kuma duk wanda yake son sanin abin da matan ƙasar Hausa suke faɗa a wancan zamani game da kishiya, da saki, da karatun 'ya mace, ba zai same shi a rahoton gwamnati ba. Yana cikin waɗannan littattafai, da bakinsu suka faɗa.

A 2007 an ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano, marubuta suka yi ta ƙorafi. Amma ina ganin abin da sakacinmu ya cinye ya fi abin da wutar ta ci, don ita wuta ana ganin hayaƙinta, gara kuwa a ɓoye take aiki. Kuma hatsarin yau ya fi na jiya. Marubutan yanzu a WhatsApp da Wattpad suke sakin labari shafi bayan shafi, masu karatu na biya ta waya, suna gardama kan taurarin labarin kamar 'yan uwansu. Ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka rufe zauren, shi ke nan, ko bango ba za a tsinta ba.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Kowane sashen Hausa a jami'o'inmu zai iya ware kabad guda, ya nemi kwafi daga marubutan da ke raye, ya ɗauki hoton shafukan da izininsu, ya kuma adana na waya. Ni dai na fara da nawa ofishin. Kai ma mai karatu, leƙa ƙarƙashin gadon Inna ko na Gwaggo kafin damina ta sauka. Abin da za ka tarar ba tarkace ba ne.

Ita kuwa ɗalibata, na kai ta wurin Yaya. Suka zauna a tabarma, Yaya ta riƙa zayyano mata labaran ɗaya bayan ɗaya, da sunan marubuciya da yadda kowanne ya ƙare, ita tana rubutawa. Da za mu tafi Yaya ta dube ni ta ce, "Ɗan boko, ashe dai adabi ne?" Na ce, "Adabi ne, Yaya. A yafe mini."