Waiwaye: Makaɗi ne ya riƙe mana sunan Shago

Daga Suleja, in ka bi ta Madalla da Zuba, ba ka daɗewa ka isa gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei. Can za ka ga yaro ɗan shekara ashirin ya naɗe hannu da zare, ya durƙusa gaban masu kalangu ana zuga shi har jikinsa ya ɗauki tsuma. In ka tambayi sunansa, da wuya ka ji wanda aka raɗa masa ranar suna. Sai dai a ce Shagon wane, ko Bahagon wane, ko Autan wane. Sunan ubangidansa yake ɗauke da shi, ya shiga fili da shi, ya yi kisa ko a kashe shi da shi. Wannan ita ce karramawarmu ta asali: gwani ya ajiye dambe, sunansa na ci gaba da yin turmi uku a hannun yaransa.

Hanya ta biyu ita ce waƙa, kuma ta fi ƙarfi. Mafi yawan masu ambaton shahararren ɗan dambe Shago a yau ba su taɓa ganin ya kai naushi ba. Abin da suka sani bakin Muhammadu Bawa Ɗan Anace ne ya ba su, shi da ya waƙe Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kware. To amma makaɗi ba alƙali ba ne. Wanda ya burge shi, ko ya yi masa alheri, shi yake wa waƙa. Zaratan da suka yi zamani da Shago amma ba su samu makaɗi irin Ɗan Anace ba, an binne su tare da labarinsu, kuma waƙa ba ta faɗin shekara ko yawan karawa.

Amurkawa sun bi wata hanya a wasansu na besbol. A 1936 suka zaɓi gwanaye biyar na farko, cikinsu da Babe Ruth da Ty Cobb, sannan a 1939 suka buɗe gidan tarihin gwanayen a ƙaramin garin Cooperstown na jihar New York. Kafin marubuta labarin wasan su jefa wa mutum ƙuri'a, sai ya buga kaka goma a babbar gasa, ya kuma yi shekara biyar da ajiye wasa, sannan ba ya shiga gidan sai ya samu kashi 75 cikin 100 na ƙuri'un. Shekara biyar ɗin nan ce ta fi burge ni, domin kafin ta cika zugar 'yan kallo ta lafa. A 1997 kuma suka jingine lamba 42 a dukkan ƙungiyoyi saboda Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya shingen wariya a 1947.

Ba sai mun je Amurka ba ma. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fara kokawar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, yau filin kokawar Maraɗi sunansa yake amsawa, na Dosso kuma na Salma Ɗan Rani. Mu kuwa manyan filayenmu na Kano da Kaduna sunayen Sani Abacha da Ahmadu Bello suke ɗauke da su. Mulki suka yi, ba wasa ba.

Abin mamakin, Suleja ta san yadda ake riƙe sunan gwani. Tun garin yana amsa sunan Abuja, Sarki Sulaimanu Barau ya riƙa adana tukwanen Ladi Kwali, a wurinsa Baturen maginin tukwane Michael Cardew ya gan su, ta shiga cibiyar ginin tukwane a 1954, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ga ta nan a bayan naira 20. Ita ta bar tukunya da za a ɗauka a duba. Ɗan dambe ba ya barin komai sai abin da idon jama'a ya gani, shi ya sa ya fi ta bukatar mai rubutawa.

Yanzu kowane ɗan kallo a Dei-Dei waya ce a hannunsa, kisa na faɗuwa kafin magariba ya zagaye Facebook. Amma a ƙasan bidiyon ba kwanan wata, ba cikakken suna, ba garin da yaron ya fito, balle a ce ɗan ɓangaren Kudu ne, ko Arewa, ko Guramada, ko Jamus. Masu gidajen dambe suna ƙirga kuɗin ƙofa kowace rana ba sa kuskure. Littafi ɗaya da biro a gefen mai karɓar kuɗin ya isa a fara rubuta wa ya kashe wa, kuma a turmi na nawa.